Wa Ya Ɗauki Hotunan Barbados?

SHAFI NA 27

Masu cika min akwatin saƙo da zagin Maitama, duk na gani. Hajiyar da ta ce in ba ta lambarsa ta kira shi da kanta, ki yi haƙuri, ni ma da nake rubuta shi ba ya jin maganata. Ku dai rage sauran zagin ku ajiye, yau za ku neme shi.

* * *

Kwana huɗu ke nan da dawowar Rumasa'u daga tsibirin Barbados, kwana huɗu kuma mijinta Maitama yana cin abinci ba ya jin gishirinsa.

Abin haushin, ba wanda ya yi masa dole. Asibitin da take aikin jinya ne suka zaɓe ta gwarzuwar shekara, suka ba ta kyautar hutun mako guda a tsibirin, ita da mijinta. To mijin takardunsa na zama har yanzu suna hannun hukuma, lauyansa kuma ya faɗa masa ba ɓoye-ɓoye, in ya kuskura ya taka wajen Amurka kafin su fito, dawowa sai dai a mafarki. Rumasa'u ta ce a haƙura da tafiyar. Shi kuwa gogan, a gidan suna a Fort Washington, gaban maza sun fi goma, ya karkata hula ya ce, "Ta tafi abinta mana! Ni ba irin mazan nan ba ne masu ɗaure mace a ƙafar gado."

Aka yi ta jinjina masa. Ta haɗa jakarta ta tafi ita kaɗai. Tana can tana kallon teku, yana nan yana kallon bayan motoci a kan titin 270 safe da yamma, yana cizon yatsa.

Da ta dawo ma abin ya ɗan lafa, sai jiya da aka fito daga sallar Juma'a abokinsa Kamal ya dafa kafaɗarsa.

"Mutumina, na ga hotunan Madam a Fesbuk. Gaskiya ta huta. Amma fa mai ɗaukar hoton nan gwani ne. Ba ka ce ita kaɗai ta tafi ba?"

"Ita kaɗai mana."

"To wa yake ɗaukarta?"

Kamal da dariya ya faɗa, ya shige motarsa. Kafin ya kai danjar farko ya manta ya yi maganar. Maitama kuwa da ita ya kwana, da ita ya tashi yau Asabar.

Ya kai 'yarsu Afnan Islamiyya a Landover, ya dawo Germantown, ko hula bai cire ba ya zare katin kyamarar matarsa ya sa a kwamfuta. Hotuna ɗari biyu da goma sha huɗu. Yanzu ƙarfe sha ɗaya da rabi na safe, zagaye na uku yake yi a kansu.

Daga kicin ƙamshin kifi yana tasowa. Rumasa'u tana soya shi da wani koren yaji da ta zo da shi tsaraba, tana 'yar waƙarta ƙasa-ƙasa. Rana ta ɗan dafa ta, karan hancinta yana ɓawo, ga wata walwala da ya daɗe bai gani a fuskarta ba. Wannan walwalar ita ta fi komai cin ransa. Shekara bakwai suna tare bai taɓa sa ta waƙa a kicin ba, mako ɗaya a wani tsibiri an dawo masa da ita tana rera baiti.

Ranar da ta dawo ya ɗan tambaya a fakaice wa ya riƙa yi mata rakiya a can, ta ce masa, "Wata tsohuwa ce, Olive, mai masaukin da na zauna. Ita ta riƙa yawo da ni." A lokacin ya karɓa. Yau da ya ƙura ido sai maganar ta ƙi zama.

Tsohuwa? Wace tsohuwa ce za ta durƙusa a cikin yashi, ta jira rana ta sauko daidai bayan mayafin mace, sannan ta danna? Duk wanda ya ɗauki hotunan nan yana jin daɗin abin da yake kallo. Ga kuma dariyar da Rumasa'u take yi wa mai kyamarar, har da 'yar karkata kai. Ya san dariyar nan. Tun yana zuwa zance gidansu a Gwammaja ya san ta, kuma a lissafinsa ba wanda yake da haƙƙi a kanta sai shi.

Abu na biyu ne ya fi tayar masa da hankali. A kusan kowane hoto ba ta tsaya a tsakiya ba. Kullum tana gefe guda, kusa da ita kuma fili ne, daidai faɗin mutum ɗaya. A bakin teku haka, a kasuwar kifi haka, a gindin kwakwa haka, har a cikin jirgin ruwan da ya kai ta kallon kunkuru. A wasu ma hannunta a ɗan lanƙwashe yake, kamar wadda ta saƙalo hannun wani.

Maitama aikin kwamfuta yake yi. Ya san ana goge mutum daga hoto tas, kamar ba a taɓa haihuwarsa ba. Ilimin dai bai tuna masa cewa waɗannan daga cikin kyamara ya zaro su ba, ba wanda ya taɓa su. Kishi in ya shigo, digiri ta taga yake fita. Ya dinga ƙara girman hotunan yana neman sawun ƙafa a yashi, har idonsa ya fara ruwa.

Sai ya zo kan hoto na ɗari da arba'in.

Rumasa'u ce rungume da wata 'yar tsohuwa mai farin gashi, su biyun suna dariya. A gabansu kuma, shimfiɗe a kan yashi, ga inuwar mai ɗaukar hoton. Doguwa, mai faɗin kafaɗa, da malafa a kai.

Ya ɗago kai daga kwamfutar ya ƙwala kira.

"Rumasa'u!"

"Na'am, Abban Afnan. Ina zuwa, kar kifin ya ƙone."

"Ya ƙone. Zo nan."

Ta fito da cokalin suya a hannu, cikin doguwar rigar zaman gida, kanta ba ɗankwali. Sabon kitson da aka yi mata a can yana nan raɗau, da 'yan duwatsu a jelarsa suna kaɗawa.

Ya juya mata kwamfutar. "Wace ce wannan?"

"Ai Olive ke nan da nake ba ka labari. Ka ga yadda ta yi kama da Goggo Tayyiba?"

"Ita ce mai ɗaukar ki hoton?"

Ta ɗan yi jim. "Eh."

"To da take rungume da ke a nan, da ƙafa ta danna?"

Rumasa'u ta kawar da kai daga hoton.

Ya ɗora yatsa a kan inuwar. "Wannan fa? Tsohuwar ce ta rabu biyu, rabinta ya sa malafa?"

"Abban Afnan, don Allah kar mu fara."

"Mun riga mun fara. Tun ranar da kika hau jirgi muka fara."

"Kai fa ka ce in tafi."

"Cewa na yi ki tafi ke kaɗai!"

"Ni kaɗai na tafi, ni kaɗai na dawo. Allah ne shaidata."

"Kar ki jawo Allah cikin ƙaryarki." Ya dinga danna hotunan suna wucewa, ɗaya bayan ɗaya. "Dubi nan. Dubi nan. Dubi wannan ma. Wa yake tsaye a wurin nan da kika goge?"

"Gogewa?"

"Hannun wa kika saƙale?"

Ta kalli filin da yake nunawa, ta kalle shi, sai wata 'yar dariya ta kuɓuce mata. Ba ta raini ba ce, ta mamaki ce, amma mai kishi ba ya bambance dariya.

"Au, dariya ma na ba ki?"

"Ba haka ba ne. Ka ji, ka bari zuwa Laraba. Laraba kawai nake roƙo, za ka gane komai da idonka."

"Laraba! Lokacin kun gama tsara ƙaryar a waya ke nan?"

Murmushin ya ɗauke daga fuskarta. Ta ajiye cokalin a bakin tebur, ta sake ɗauka.

"Ni kake faɗa wa haka?"

"Akwai wata a falon nan?"

"Awa goma sha biyu nake yi a tsaye a asibiti, ina juya mutanen da ban san su ba, ina goge musu jiki. In dawo ƙafata a kumbure in ɗora maka tukunyar tuwo, don ka ce ba ka iya cin abincin firji. Ban taɓa ce maka na gaji ba. Sau ɗaya tak na samu na zauna a bakin ruwa na numfasa, shi ne zai zame min laifi?"

"Ai dole ki numfasa. Ke mai shuɗin fasfon Amurka ce, duniya a buɗe take miki. Ni ne aka ɗaure a nan kamar ragon layya, in kai yarinya makaranta, in ɗauko yarinya, in buɗe Fesbuk in ga matata tana wa wani ƙato fari da ido!"

Ta gyaɗa kai a hankali. "Ashe ba hoton ba ne kaɗai. Har da fasfon."

"Kar ki juya min magana!"

"Sau nawa na ce a fasa tafiyar nan? Sau uku. Ka tashi a gaban mutane kana neman a yaba maka. An yaba maka, ni kuma ka dawo gida kana cire kuɗin yabon a jikina."

Nan fa ta taɓo inda yake ciwo, domin gaskiya ce, ita kuwa gaskiya ɗaci gare ta. Ya miƙe tsaye har kujerar ta faɗi ta baya.

Bari in tsaya a nan in tuna muku wani abu, musamman waɗanda suka shigo labarin nan a tsakiya. Auren Maitama da Rumasa'u igiya ɗaya ta rage masa. Ta farko ya tsinke ta tun suna Kano, wata takwas da biki, don ɗan kawunta ya rage mata hanya a mota. Ta biyu a nan Germantown, bara waccan, saboda wani abokin aikinta mai suna Dung ya turo saƙo yana roƙon su yi musayar ranar aiki. Alhaji Abubakari, dattijon Kumasi da yake musu limanci a Landover, shi ya sha wahalar ɗinke wancan. Ranar da aka mayar da auren ya riƙe hannun Maitama ya ce, "Ɗana, aure igiya uku ne, ka cinye biyu. Duk ranar da ka ji zuciya ta taso, ka kurɓi ruwa ka riƙe shi a baki. Kar ka haɗiye, kar ka zubar, sai ta sauka."

Kofin ruwa yana nan a kan tebur, kusa da kwamfutar. Ko kallonsa bai yi ba.

"Tambaya ɗaya zan miki," in ji shi. "Mai malafar nan, mace ce ko namiji?"

"Ka zauna in ba ka labarin tun daga farko."

"Mace ko namiji?"

"Ba zan amsa maka kana tsaye kana huci ba. Na san ka."

"Kin san ni ko?"

"Na san ka, shi ya sa nake ce maka ka zauna."

"To shi ke nan. Buɗe kunnenki da kyau. In dai namiji ne ya ɗauki hotunan nan..."

Cokalin ya faɗi ƙasa. Ta yo kansa da gudu.

"Kar ka ƙarasa! Don girman Allah, Abban Afnan, kar ka ƙarasa!"

Ta sa tafin hannunta ta toshe masa baki, hannun yana ƙamshin kifi da yaji. Ya kama shi ya fizge.

"...to na sake ki!"

Man da ke kan wuta ne kawai yake ta ƙara a kicin.

Ni da nake ba ku labarin nan na san abin da ke ransa. A tunaninsa hanya biyu ce. Ko ta rantse mace ce, ya samu ya huta, ko kuma kwarto ne, ya rabu da ƙaya. Bai taɓa kawowa akwai hanya ta uku ba. Ya tsaya yana haki, yana jiran ta yi rantsuwa.

Ba ta rantse ba. Ta sulale ta zauna a kan kafet, ta dafe kai da hannu biyu.

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un."

Sau uku ta faɗa. Sannan ta tashi, ta shiga kicin ta kashe wuta, ta wanke hannu, ta goge. Ta dawo ta jawo kwamfutar gabanta. Ba kuka take ba, kuma rashin kukan ne ya fara ba shi tsoro.

"Sau nawa ka kalli hotunan nan?"

"Ba shi na tambaye ki ba."

"Ka kalle su har ka haddace. Amma na ƙarshen ba ka buɗe ba, don bidiyo ne, kai kuma sawun ƙafa kake nema. Zo ka gani."

Ta danna.

Aka fara ganin barandar wani ɗan gida mai shuɗin fenti, teku yana bayansa. Olive tana zaune a kujerar katako, hannuwanta a kan cinya suna rawa ba tsayawa. Muryar Rumasa'u ta fito daga gefe, tana dariya tana cewa da turanci, "Baba, juya ta mana ya gan ka."

Hoton ya girgiza, sama ta wuce, rufin kwano ya wuce, sai ga fuska ta cika allon.

Tsoho ne tukuf. Malafar kaba a kai, gira fari fat, tabarau mai kaurin gindin kwalba, haƙoran gaba saura uku. Ya gyara murya kamar mai shirin kiran salla.

"San-nu, Mai-ta-ma," ya faɗa a rarrabe, irin na wanda aka koya wa jiya. Olive ta tafa masa da hannuwanta masu rawa.

Sannan ya ci gaba da turancinsu na tsibiri, a hankali.

"Sunana Alexander, ni ne mijin wannan kyakkyawar da ka gani a kujera. Shekara arba'in na yi ina ɗaukar hoton biki a tsibirin nan. Matarka ta hana mu sakat da labarinka. A ci kifi, Maitama yana son kan kifi. A ga jirgin ruwa, da Maitama yana nan da ya tambayi injinsa. To a zamanin da mazanmu suke tafiya Ingila neman aiki, matansu sukan zo shagona da yara. Sai in ɗauke su in bar gurbin maigidan, in yanko hotonsa da almakashi in liƙa a wurin, don yara su ga ubansu a bango. Na tambayi matarka tsawonka, ta ce kanta a kafaɗarka yake tsayawa. Da wannan na auna. Mun bar maka wurinka a kowane hoto, ɗana. In takardunka sun fito ka zo ka tsaya a ciki da ƙafarka. Amma ka yi sauri, shekarata tamanin da ɗaya."

Ya ɗaga malafar ya yi sallama. Bidiyon ya tsaya a kan fuskarsa.

Maitama ya daɗe baki buɗe. Can sai ya ji wani dutse ya sauka daga ƙirjinsa. Ya ɗaga kujerar da ta faɗi ya zauna, ya fashe da dariya.

"Tsoho ne! Wallahi tsoho ne! Kai, alhamdu lillahi. Ruma, dubi haƙoransa! A kan wannan na hana kaina barci?"

Rumasa'u ba ta yi dariya ba.

"Olive ko kofin shayi ba ta iya riƙewa," ta ce, muryarta a kwance. "Shi ya riƙa bin mu da kyamarar, kwana shida. Laraba aurenmu yake cika shekara bakwai. Na kai wa wani mai wanke hoto a Rockville hotonka na farar shaddar nan, yana saka ka a kowane gurbi, zai haɗa min su littafi guda. Laraba zan karɓo. Shi ne na ce ka jira."

Kunya ta rufe shi, amma irin mai daɗin nan, ta wanda ya gano ana sonsa fiye da yadda ya zata.

"To ke ma, me ya sa kika ce min tsohuwa ce? Da kin faɗa min gaskiya tun farko..."

"Saboda na san wanda nake aure. Mutumin da ya sake ni a kan saƙon musayar aiki, shi zan kalla in ce masa namiji ya bi ni bakin teku da kyamara? Na yi ƙarya, Allah Ya yafe min. Igiyar nan guda ɗaya nake ta lallaɓawa."

"Ya wuce. Wallahi na yi kuskure, ki yafe min. Zo nan."

Ya miƙa hannu zai kamo nata. Ta janye, ta ja da baya taku biyu.

"Kar ka taɓa ni."

"Haba Ruma, ai na ba ki haƙuri. Magana ta ƙare."

"Ta ƙare kam."

"Mutumin nan fa sa'an kakana ne!"

"Kakan naka mace ne?"

Dariyar da ta rage a fuskarsa ta bushe a wurin. Ya kalli allon, tsohon yana nan da malafarsa a ɗage. Ya kalli matarsa. Sai yanzu kunnensa ya ji abin da bakinsa ya faɗa.

"A'a," ya ce. "A'a, a'a. Ba haka nake nufi ba. Ke ma kin san ba irin wannan nake nufi ba."

"Nawa ke nan, Abban Afnan?"

"Barazana ce kawai! So nake ki faɗa min gaskiya!"

"Ta Kano ɗaya. Ta Dung biyu. Ƙarasa min."

"Ban yi niyya ba, wallahi tallahi ban yi niyya ba!"

"Ta farko ma haka ka ce. Ta biyu har kuka ka yi a gaban Alhaji." Sai yanzu muryarta ta karye. "Na toshe maka baki da hannuna. Da hannuna, Abban Afnan! Ka fizge."

Ya lalubo wayarsa, sau biyu tana zamewa, ya kira Alhaji Abubakari. Ya shiga zuba bayani ba kai ba gindi, hoto, inuwa, malafa, Kamal, Laraba.

Dattijon ya katse shi. "Tsaya, ɗana. Ka faɗa da bakinka?"

"Na faɗa, Baba Alhaji, amma..."

"Ta ji?"

"Ta ji."

"Hankalinka yana jikinka? Ka san abin da kake faɗa?"

Maitama ya so ya ce a'a. Ya tuna har cewa ya yi ta buɗe kunne da kyau. "Raina ne ya ɓaci, Baba."

"Kowa ma ransa ne yake ɓaci. Ba wanda yake saki yana dariya. Mai ɗaukar hoton namiji ne?"

"Tsoho ne, Baba, shekararsa tamanin da ɗaya, ko haƙora..."

"Ban tambaye ka haƙoransa ba."

Ta cikin wayar Maitama yana jiyo muryoyin yaran Islamiyya suna karatu a bayan dattijon. Wataƙila har da ta Afnan a ciki.

"Ruwan da na ce ka riƙa kurɓa fa?"

Maitama ya kalli kofin. Yana nan cike, ko ɗigo bai ragu ba.

Alhaji ya yi ajiyar zuciya. "Wannan ba maganar waya ba ce, ba zan yanke maka komai a nan ba. In an tashi yara zan kai Afnan gidana wajen Hajiya Bariatu, kar ta ga wannan abu. Daga nan in taho. Kafin in iso kar ka ƙara cewa uffan. Ka ji ni? Uffan."

Alhaji ya kashe wayar.

Ba zan yanke maka komai a nan ba. Maitama ya rungumi wannan 'yar jimlar kamar wanda ruwa ya ci ya samu kara. Ai bai ce ya auku ba. Ai malamai suna da maganganu. Ai akwai littattafai. Ya juya da sauri zai faɗa mata.

Ba ta falon.

Ƙofar ɗakin kwanansu a rufe take. Ya ji an jawo durowa, an mayar. Ya ce a ransa shi ke nan akwati take haɗawa. Ya tsaya a bakin ƙofar yana shirya abin da zai ce, ya manta an hana shi magana. Zai durƙusa. Zai riƙe akwatin. Zai ce ta tuna Afnan.

Ƙofar ta buɗe.

Ba akwati a hannunta.

Dogon hijabinta ne a jikinta, ruwan toka, wanda take sawa in abokansa sun zo gidan. Ya sauka har idon sawu. Kitson Barbados da duwatsunsa duk sun shige ciki, ko silin gashi ba a gani. Har safa ta sa. A cikin gidanta, a gaban mutumin da ya shekara bakwai yana ganin kanta a buɗe.

Ta sunkuyar da kai yadda take yi wa baƙi, ta raɓa ta jikin bango don kar ko gefen hijabin ya shafe shi.

"Ruma..."

Ta je ta buɗe ƙofar fita, ta riƙe ta, idonta a ƙasa.

"Malam Maitama, in Alhaji za ka jira, ka jira shi a mota."